Malamin Zaure da Ayyukansa Uku

A da, a ƙasar Hausa ba a san malamin zaure da aiki ɗaya ba. Da an idar da sallar Asuba sai ya hau buzunsa, ɗalibai su gurfana, kowa da littafinsa: wannan Ahalari, wancan Iziyya, wanda ya yi nisa kuma Risala. Ɗalibi na jan baki, malam na fassarawa, ba ka jin komai sai "Na'am, Allah gafarta Malam." In hantsi ya dubi ludayi sai gona ko ɗinkin hula, domin kuɗin Laraba da 'yan allo ke kawowa ba ya riƙe gida.

Abin da ya fi burge ni shi ne zaman rubutu bayan Azahar. Malam zai fiƙe alƙalaminsa, ya jawo tawada, ya ɗora takarda bisa gwiwa. Ba a ɗinke littafin da yake rubutawa. Warƙa-warƙa ake barin sa, shi ya sa a ƙasan shafi ake rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa, don kada jeri ya rikice. Gefen matani kuwa cike yake da ƙananan bayanai da ajami, waɗanda ya ji daga bakin nasa malamin. In ya kammala sai ya roƙi mai karatu addu'a, ya sa a gafaka.

Da dare kuma wa'azi a ƙofar gida. Ba liman ba ne, ba wanda ya naɗa shi. Ilminsa ne ya ba shi tabarma. Haka Shehu Usmanu ya yi tun yana Ɗegel, yana karantarwa, yana wallafawa, yana wa'azi da Hausa da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajoji, wato mata masu koyarwa, ƙauyuka da waƙoƙinta don karantar da mata. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, amma waƙarsa Imfiraji ta shiga gidajen da malamai ba su taka ba. Har yau dai ana jayayya kan sadakar wurin wa'azi: wasu na ganin halal ce, wasu na cewa tana rage kaifin harshe.

Yanzu aikin ya rabu. Mai koyarwa na jiran albashi, mai wa'azi na intanet, rubutun hannu kuwa ya yi ƙaranci, abin takaici. Duk wanda ya gaji gafakar kakansa, don Allah ya fito da ita a adana tun gara ba ta cinye ba.