Ko Kun Sani? Kanwa Na Kashe Kaifin Ruwan Batir

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan batirin mota asid ne mai cin fata. Kanwar da ake saya a kasuwar Babura tana kashe kaifinsa, domin akwai sodiyam kabonet a cikinta, irin wanda ake amfani da shi a ɗakin gwaje-gwaje. Ana tsiyaya asid cikin ruwa mai yawa (in aka zuba ruwa cikin asid, fallatsa yake yi), a riƙa barbaɗa kanwa har kumfa ta daina tashi. Wani zai ce to sai a zubar. A'a, kanwa ba ta cire dalmar batirin, ga ƙasar Babura rairayi ce mai tsotse ruwa zuwa rijiyoyi. Gubar dalma, daga dutsen zinariya, ita ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.