Wa Zai Duba Aikin Malamin Islamiyya?

Yau shirinmu ya leƙa Tamanrasset a kudancin Aljeriya, garin da ake jin Hausa a kasuwanninsa albarkacin mutanen Agadas, Tawa da Damagaram da suka yada zango a can. A Aljeriya, makarantun Alƙur'ani suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Addini da Wakafi, kuma tun 1994 doka ta tsara yadda ake buɗe su da tafiyar da su. Ke nan malami yana da mai tambayarsa aikinsa. Kano ma tana da hukumar makarantun Alƙur'ani da Islamiyya, amma a Islamiyyoyin unguwa da dama sanayya ce ke ɗaukar malami, daga nan sai a sakar masa aji shekara da shekaru ba mai leƙawa. Ra'ayinmu shi ne lallai a riƙa duba aikinsa, kuma a cikin aji za a duba shi.

Wasu za su ce malami uba ne, titsiye shi rashin ladabi ne. To amma ku dubi zaman darasu a tsangaya. Gardi ya rubuto allonsa da ka, ya ajiye gaban alarammomi, su bi shi wasali bayan wasali. Ko ɗigo ya ɓace sai sun tsayar da shi. Ba wanda girmansa ya zube a wurin, ta nan ma ake zama gwani.

Wasu kuma tsoronsu abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda jarrabawa ɗaya ta raba malaman firamare fiye da 21,000 da aikinsu. Tsoron yana da tushe, don takarda ba ta nuna ko mutum ya iya koyarwa. Abin da ya dace, mai duba ya zauna a bayan aji, ya zaɓi yarinyar da ke can ƙurya, ya buɗe mata shafin da ba ta haddace ba, ya ji ko za ta haɗa baƙi. Ya sa yaro ya yi alwala a gabansa. Idan an ga giɓi, a tura malamin horo, a dawo bayan zango a sake saurare. Sai dai hukumar makarantar da ke riƙe wa malami albashin wata uku, da wane baki za ta tuhume shi? Don haka lallai mai duban ya buɗe littafin biyan albashi a ranar da ya shiga ajin.