Yakuwa ma tana lissafin tsawon yini

Ƴan uwa mata, bara mun ɗauki bashi a asusu, muka shuka yakuwa ƙarshen Agusta. Ga ruwa, ga taki, amma tun ba ta wuce gwiwa ba ta soma fure. Soɓon da muka tsinka da ƙyar ya biya bashin.

Ashe tsawon yini ne. A Maraɗi yinin Yuni ya kusa awa 13, na Disamba bai kai 11 da rabi ba. Da dare ya soma tsawo, yakuwa sai ta rage girma ta shiga fure, ko babba ko ƙarama. Wasu furannin ado na garka ma haka suke, masu renonsu ku kula.

Bana da ruwan farko za mu shuka, ta yi rassa tukuna.