Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

A kasuwar Wagini, kamar sauran kasuwannin ƙasar Batsari da Safana, da wuya ka zagaya ba ka ji lasifikar mai maganin basir ba. Ciwon baya basir, kasala basir, kumburin ciki basir, jini a bayan gida kuwa ba a ma tambaya. Sau da yawa basir ɗin ne, ko atini. Amma akwai cutar da ke shigowa sanye da rigar basir, a yi wata da watanni ana ɗirka mata jiƙo da sassaƙe, ita kuwa tana ta cin mutum: ciwon dajin babban hanji da dubura.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 sun nuna mutum fiye da miliyan 1.9 ne suka kamu da shi a shekarar, sama da 900,000 suka rasu. Shi ne na uku a yawa cikin cututtukan daji, na biyu a kisa. A da ana ce masa ciwon Turawa. Denis Burkitt, likitan da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura ba kasafai ake ganinsa a ƙauyukan Afirka ba, ya kuma danganta hakan da cimar da ba a raba ta da dusarta ba. Irin cimarmu ke nan: tuwon dawa, furar gero, wake, kwaɗon zogale da rama. Yanzu taliyar leda da lemon kwalba sun iso har rugage, kuma likitocin tiyata a Shika da Kano da Ibadan da Ile-Ife sun daɗe suna faɗin abu guda: masu cutar na ƙaruwa, da yawansu ba su kai hamsin ba, kuma galibi sai ta ci jiki suke zuwa.

Wannan latti shi ne abin takaicin, domin cutar ba mai gaggawa ba ce. Takan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wani bai wuce ƙwayar wake ba, ba zafi ba ciwo. Yakan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama daji. Idan aka zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura aka gan shi, nan take ake tsinke shi, magana ta ƙare. Ko ya riga ya rikiɗe, in dai bai fita daga hanji ba, a Amurka kusan tara cikin goma na kaiwa shekara biyar da rai. In ya kai hanta ko huhu, ko biyu cikin goma ba sa kaiwa.

Tsufa na kan gaba a cikin abubuwan da ke jawo shi, sai gado, ƙiba, zaman wuri ɗaya, taba da giya. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar lafiyar ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya cikin abubuwan da ke haddasa shi, ta ce giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Manomin da ke cin tsire ranar kasuwa kaɗai bai kamata wannan ta hana shi barci ba; sigarin da ke aljihunsa ya fi tsiren zama abin tsoro.

Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45 a 2021, shekara guda bayan cutar ta kashe ɗan wasan fim Chadwick Boseman yana da 43. A nan kuwa, ce wa mutumin Wagini ya je a leƙa hanjinsa alhali lafiyarsa ƙalau, ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya, ga gonar da ba ta nomuwa, kusan zolaya ce. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne gwajin bayan gida mai gano jinin da ido ba ya gani, da kuma ma'aikacin asibitin karkara da zai daure ya yi tambaya, mara lafiya ya ajiye kunya ya amsa. Jinin ja ne a sama, ko a cakuɗe yake da bayan gidan? Yau gudawa, gobe taurin ciki, har makonni? Kana ramewa? An ce jininka ya yi ƙasa ba dalili?

Mai irin waɗannan alamu, ko shekarunsa talatin, takardar turawa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ya kamata a ba shi, daga can in ta kama a wuce Shika ko Asibitin Malam Aminu Kano. Wanda kuma cutar ta taɓa kama mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya, likitoci na so a fara duba shi tun yana 40, ko shekara goma kafin shekarun da aka gano ta a jikin ɗan'uwan nasa, duk wanda ya riga zuwa.