Ranar Farko a Ikko

A shirinmu na musamman na yau za mu bi sawun baƙon da ya taso daga Arewa ya doshi Legas, wato Ikko, karo na farko, mu ga abin da zai tarar tun daga bakin gari har ya samu wurin ajiye jaka.

Wanda ya shiga mota a Kano yana da tafiyar kilomita wajen 1,000 a gabansa. Sai ya haye kogin Kwara, ya ratsa Ibadan, sannan da hantsi ya hango shanu a Kara, dab da shiga gari. Nan zuciyarsa takan ɗan kwanta, don ya ga abin da ya sani. Da mota ta tsaya a Berger ya sa ƙafa ƙasa, sai iskar Legas ta yi masa sallama.

Mutumin Sakkwato ko Maiduguri yakan zo da tunanin cewa ya gama sanin zafi. Yana da hujja, tunda a bazara ma'aunin garinsu yakan haura digiri 40, na Legas kuwa da wuya ya wuce 35. Amma zafin ba iri ɗaya ba ne. A Arewa iska busasshiya ce, gumi na fitowa take shanye shi, jiki ya yi sanyi, kamar yadda ruwan randa yake sanyi saboda tsattsafowar da yake yi ta jikin yumɓu. Legas tana zaune ne tsakanin tekun Atlantika da tafkin da ya ratsa ta, iskarta cike take da laima, sau da yawa fiye da kashi 80 cikin ɗari. Gumi zai fito, amma ba shi da inda za shi. Shaddar da ta sha sitaci da guga kafin azahar ta yi laushi ta manne a gadon baya. Ka yi wanka, kafin ka gama sa riga ka sake jiƙewa. Inuwar da take ceton mutum a gida, a nan sauƙinta kaɗan ne, dare ma ba ya kawo sanyin da aka saba jira. In kuma a watan Yuni ya zo, ruwan sama na iya wuni yana zuba, kwatoci su cika su malalo kan titi, wankin da ya shanya ya kwana bai bushe ba.

Daga zafi sai hayaniya. Ga danfo, motocin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin zane a jiki, kwandasta na lilo a bakin ƙofa yana kiran Oshodi, Oshodi, yana gargaɗin kowa ya shigo da canjinsa. Ga hon, ga ƙarar janareto daga kowane shago, ga lasifikar masallaci da ta coci a layi guda. In gosulo ya haɗu, titi ya zama kasuwa: ruwan leda, soyayyar ayaba, cajar waya, har agogon bango, duk ana miƙo su ta taga.

Idan hanyarsa ta bi ta gadar Third Mainland, a nan zai fara fahimtar girman garin. Tsawonta ya kusa kilomita 12, an kammala ta a 1990 zamanin Janar Ibrahim Babangida, shekara guda kafin a mayar da babban birnin tarayya Abuja. Daga samanta zai hango Makoko, gidajen katako a kan turaku cikin ruwa, yara na tuƙa kwalekwale, can gaba kuma dogayen benaye na tsibirin Legas. Wanda ya girma inda ake sayen ruwa a garwa yakan yi shiru a wannan wuri.

Sai dai a ganina, jama'a, abin da ya fi sosa ran baƙo a ranar farko shi ne rashin gaisuwa. Ya yi sallama a mota, ba wanda ya ɗago. Ya tsaya tambayar hanya, aka nuna masa da hannu ana ci gaba da tafiya. A nan nake roƙon kada ya yi saurin yanke hukunci. Yarbawa mutane ne masu yawan gaisuwa, suna da ta aiki, da ta zama, da ta dawowa daga tafiya, saurayinsu har ƙasa yake kwanciya ya gaida babba. Wanda ya wuce shi a guje ya bar gida ne tun kafin asuba, daga Ikorodu ko Agbado, don ya riga cunkoso, kuma ba zai ga 'ya'yansa ba sai bayan isha'i. Legas ce mafi ƙanƙantar jiha a faɗin ƙasa a Nijeriya, ga miliyoyin mutane, ga ruwa ya cinye wani ɓangarenta. Motocin BRT da aka fara a 2008 da jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja a 2023 sun rage wahala, amma ba su kawar da ita ba.

To, ya daure ya kai kasuwar Mile 12. Tireloli ne jere daga Kano da Katsina da Sakkwato, ana sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa da attaruhu, dillalai na ciniki da Hausa, suna juyawa Yarbanci ba tare da sun numfasa ba. Miyar da za a ci a gidaje da dama na birnin a daren nan, daga fadamun Arewa ta taso. Ko ya nufi Agege, inda fataken goro suka kafa zango tun da daɗewa, layin dogon da ya haɗa Legas da Kano a 1912 ya ƙara musu ƙarfi. Akwai Sarkin Hausawa, akwai jikokin da aka haifa a nan, waɗanda wasunsu ba su taɓa ganin garin kakansu ba. A teburin mai shayi, da biredin Agege a gabansa, wani zai tambaye shi, "Malam, daga ina? Ya hanya?"

Wannan tarba gaskiya ce, amma ba ta biyan kuɗin ɗaki. Masu gida sukan nemi hayar shekara guda a dunƙule, shi ya sa samari da yawa daga cikin 'yan ci-rani suke kwana a rumfunan kasuwa da barandar shaguna, cikin sauro da wannan zafi da muka bayyana. Acaɓar da a da take karɓar sabon zuwa, tun watan Yunin 2022 gwamnatin jihar ta hana ta a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa, kuma ana ƙwace baburan waɗanda aka kama. Don haka duk matashin da yake jinmu yanzu yana harhaɗa kuɗin mota, ya tabbatar akwai wanda zai tarbe shi a tasha, kuma ya san sana'ar da zai kama tun kafin ya baro gida.