Awon Kitsen Jini: ApoB da ApoA1

Kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa akasarinsa ruwa ne. Shi ya sa kolestarol ba ya yawo a jiki shi kaɗai, sai a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu rufin furotin. Ƙwayoyin da ke kai shi sassan jiki, waɗanda kan maƙale a bangon jijiya har su toshe ta, kowace na ɗauke da furotin guda ɗaya tak, ApoB. Masu kwaso shi su mayar hanta, wato HDL, babban furotin ɗinsu ApoA1 ne.

Awon kolestarol da aka saba yi nauyin kaya yake faɗa. Awon ApoB kuwa motocin da ke ɗauke da kayan, wato ƙwayoyin, yake ƙirgawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Maigatari zuwa Gumel ranar Alhamis, kasuwa ta tashi, ya san yawan motoci ne ke cushe hanya, ko da rabinsu ba su cika ba. Haka mutum biyu kan zo da kolestarol daidai wa daida, amma ɗaya ya fi ɗaya yawan ƙwayoyi, kuma shi ne ya fi shiga haɗari.

Likita kan raba adadin ApoB da na ApoA1. Idan sakamakon ya haura 0.9 ga namiji, ko 0.8 ga mace, ana ɗaukarsa a matsayin gargaɗi. Binciken INTERHEART, wanda Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52, aka wallafa a 2004, ya sa wannan ma'auni tare da shan taba a sahun gaba cikin abubuwan da ke da alaƙa da bugun zuciya. Ba sai an yi azumi ake ɗibar jinin ba.

Sai dai awo ne na manyan ɗakunan gwaji, irin na Kano. Manomin riɗi a Gagarawa ko Sule Tankarkar bai kamata ya fara da shi ba. Ya fara da awon hawan jini da na suga, domin su ne masu arha, kuma hawan jini na kwantar da mutanenmu da yawa. In an samu awon kitse na yau da kullum, a cire HDL daga jimillar kolestarol, abin da ya saura yana kusa da abin da ApoB zai nuna.

Kuma rama ba shaidar lafiya ba ce. Akwai siriri da ya gaji matsalar daga iyaye, ko man shanu da kitsen tsire bai cika ci ba, amma jijiyarsa na toshewa tun yana ɗan shekara 30.