'Yan Rakiyar Ayarin Teku: Daga Fatun Boɗinga Zuwa Gaɓar Saliyo

Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, ba zai rasa ganin fatun awaki a shanye a bayan gidajen mahauta ba, an ja su an kafe da tsinke, rana ta busar da su ƙayau. Fatar jar akuyar Sakkwato ke nan, wadda ta yi suna a kasuwannin duniya tun kafin Turawa su tako ƙasar nan. A shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, irin waɗannan fatun da gyaɗa da auduga ake ɗora wa jakuna da raƙuma da 'yan motocin da ake da su, a kai Gusau ko Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya iso tun 1929. Jirgin ƙasa ya ɗauka ya bi ta Zariya ya sauke a Ikko. Iyakar abin da muke ji a gida ke nan: mai kaya ya karɓi 'yan kuɗinsa ya juyo. To amma daga bakin ruwan nan ne tafiya mai haɗari take farawa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan ayari. Fataken da ke zuwa Gwanja sarin goro ba su fita ɗai-ɗai, sai sun taru a zango, madugu ya tsara tafiya, jagaba ya shige gaba, masu kwari da baka su tsare gefe da baya. Haka Ingila ta yi da jiragen kayanta. Jiragen da suka yi lodi a Ikko da Fatakwal da Takoradi sukan taru a Freetown, babban birnin Saliyo, su jira har ayari ya cika, sannan su ɗunguma zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako uku. Ana yi wa waɗannan ayarori lamba da haruffan SL. Kuma kamar yadda jakin da ya fi rauni shi ke yanke wa fatake saurin tafiya, haka tsohon jirgin gawayi mai jan ƙafa yake tilasta wa sauran su riƙa tafiyar kilomita 13 ko 14 a awa ɗaya.

'Yan fashin hanyar su ne jiragen Jamus da na Italiya masu nutso ƙarƙashin ruwa. Makaminsu tofido ne, wani dogon bam mai farfela da ke gudu a cikin ruwa ya fasa cikin jirgi. 'Yan rakiya kuwa galibi wasu ƙananan jiragen yaƙi ne da ake kira kobet, waɗanda Ingila ta raɗa wa sunayen furanni. Tsawon kowanne bai wuce mita 63 ba, nauyinsa bai kai tan 1,000 ba, kuma an kwaikwayi ƙirarsa ne daga jirgin masu farautar manyan kifayen teku, don ƙananan maƙera su iya ƙera shi da sauri da araha. An yi kusan 300 a Birtaniya da Kanada. Igwa ɗaya babba gare shi a gaba, a baya kuma wasu bama-bamai masu kama da duro da ake gangarawa cikin ruwa su fashe a zurfin da aka saita. Iyakar gudunsa kilomita 30 a awa, alhali jirgin nutson Jamus idan ya taso saman ruwa ya ɗan fi shi sauri.

Idon jirgin shi ne wata na'ura da ake kira Asdik. Takan aika sauti cikin ruwa, in ya bugi ƙarfe ya dawo. Wani saurayi ne ke zama cikin ɗan ɗaki kamar akurki, da abin sauraro a kunne, gumi na zuba, jirgi na tangaɗi da shi dama da hagu, yana ƙoƙarin rarrabe amsar ƙarfe da ta garken kifi. Rayukan mutum ɗari-ɗari a wasu jiragen suna rataye da kunnensa.

Ɗaya daga cikin waɗannan 'yan rakiya shi ne HMS Petunia, wanda aka ƙera a Leith ta ƙasar Sikotilan aka saka shi ruwa a 1940. A farkon Oktoban 1942, da dare, a tekun da ke daura da Saliyo, jirgin nutson Italiya mai suna Barbarigo ya harbe shi da tofido, bai same shi ba. Amma kwamandan jirgin, Enzo Grossi, ya aika gida cewa ya nutsar da wani katafaren jirgin yaƙin Amurka. Jagoran Italiya Musolini ya ƙara masa girma, Hitila ya ba shi lambar yabo. Sai bayan yaƙi bincike ya tabbatar ba haka aka yi ba, aka janye girmamawar da Italiya ta yi masa. A daidai wannan lokacin ne ɗan'uwan Petunia, HMS Crocus, ya yi gaba da gaba da jirgin Jamus U-333, ya banke shi, ya ji wa kwamandansa Peter Cremer mummunan rauni, duk da dai jirgin ya lallaɓa ya tsira.

Ran 16 ga Oktoba, ayari mai lamba SL 125 ya bar Freetown da jiragen kaya 42. Da tafiya ta yi nisa, masu tsaronsa kobet huɗu ne kawai: Petunia da Crocus da Cowslip da Woodruff. A yi tunanin ayarin da ya bazu kilomita da yawa a kan ruwa, a ce mutum huɗu su tsare shi cikin duhu. A ƙarshen watan, kusa da tsibiran Kanari da Madera, garken jiragen nutson Jamus ya ci karo da shi, ya bi shi dare bayan dare. Jirgin da madugun ayarin ke ciki, Nagpore, ya nutse. Président Doumer, mai ɗauke da sojoji da fasinja, ya tafi da mutum 260 ran 30 ga wata. Kafin maharan su janye, aƙalla jirage 12 sun halaka.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya a aikin nan shi ne zaɓin da ke gaban kwamandan ƙaramin jirgi duk lokacin da aka harbi wani. Ga mutane cikin ruwa, baƙin mai ya rufe musu fuska da ido, suna kira. In ya tsaya ya saki raga a gefen jirgi don su hau, ya zama abin harbi, kuma ya bar gurbinsa a buɗe. In ya bi maharin ya saki duron bam, ƙarfin fashewar zai iya kashe waɗanda ke iyo kusa. Samari ne, da yawansu ba sojan ruwa ba ne kafin yaƙi, kuma su kaɗai ke yanke wannan hukunci cikin ƙiftawar ido.

Duk da wannan asara, tafiya cikin ayari ta fi tafiyar kaɗaici. A wannan makon, ran 29 ga Oktoba, Abosso, jirgin fasinja na kamfanin Elder Dempster da aka saba gani a tashar Ikko, yana tafiya shi kaɗai ba rakiya, aka harbe shi. Mutum 362 suka mutu, don babu wanda zai tsamo su nan take. Kwanaki kaɗan bayan haka, ran 8 ga Nuwamba, sojojin Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya. Manyan ayarorin da suka kawo su sun wuce lafiya yayin da jiragen nutson Jamus suka shagala da SL 125, har wasu masana tarihi ke ganin ayarin ya zama tarkon da ya ɗauke hankalin abokan gaba.

Ba na son a ɗauka kasuwancin nan don amfanin manomin Shagari aka tsare shi. Gwamnatin mulkin mallaka ce ke yanke farashin gyaɗa, ba mai noma ba. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta juyo kan kuzar Jos, aka shiga kwasar mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas, abin da ake kira ɗiban gwamna, wasu ba su dawo ba. Amma teku ta shafe mu ko mun so ko mun ƙi. Ƙarancin gishiri da kananzir da yadi da tsofaffi ke ba da labari, daga can ya taso, domin jiragen da ke kawo su ko dai sun nutse ko an juya su ga ɗaukar kayan yaƙi. Sannan 'yan Boma, samarin da aka ɗauka soja a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ta ruwa suka tafi Indiya a 1943 da 1944 cikin Runduna ta 81 da ta 82, akasarinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin Rima girma ba. Jiragen rakiya ne ke kewaye da su. A cikin jiragen kayan ma akwai 'yan Afirka ta Yamma masu zuba gawayi a ɗakin wuta can ƙasa, inda in tofido ya shiga ba kowa ke samun fita ba.

Lokacin da ake wannan gumurzu, wani yaro ɗan garin Shagari mai suna Shehu yana karatu a Kwalejin Kaduna. Shekara 40 bayan haka, a 1982, yana Shugaban Ƙasa, rundunar sojan ruwan Nijeriya ta karɓi babban jirginta na yaƙi, ƙirar Jamus, mai sunan Hausa: Aradu. Petunia kuwa ya ga ƙarshen yaƙi lafiya. An miƙa shi ga ƙasar Sin a 1946 aka sake masa suna Fu Po. Ran 19 ga Maris 1947 ya yi karo da wani jirgin 'yan kasuwa a mashigin tekun Taiwan, ya nutse da kusan dukan waɗanda ke cikinsa.